Tambaya a kan kalmar Turanci “crushing”: kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne da yawa masu kama da juna?

Malamin Ƙauye, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da iyayenmu na wannan zaure, ina neman taimakonku a kan wata kalma ta Turanci da ta tsaya mini a rai, wato “crushing”. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma ko da yake ba Turanci na karanta ba, ƙarancin malamai ya sa darasin ya faɗo a kaina. A cikin wani nassi na fahimtar karatu da nake shirya wa 'yan aji uku akwai “a crushing defeat”, amma ƙamus ɗin da ke hannuna ya fara ne da ma'anar matse abu ko farfasa shi, wadda ba ta dace da zancen zaɓe da nassin yake yi ba. Na kuma san ana rubuta “stone crushing” a allunan masu fasa dutse, ana rubuta “do not crush” a kwalin wasu magunguna. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yadda samari ke rubuta “she is crushing it” a ƙarƙashin hoton yarinyar da ta ci jarrabawa, wani lokaci kuma “he is crushing on her”, wanda aka ce mini zancen soyayya ne.

Shin duk kalma ɗaya ce? Wace kalmar Hausa ya kamata in rubuta a allo a gabanta? Kuma wanne daga cikin waɗannan ya halatta ɗalibi ya rubuta a jarrabawa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta, Kazaure

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya maimakon ka rubuta wa yara abin da ba ka tabbatar ba. Kalma ɗaya ce, kuma tushenta shi ne “crush”. Ta shigo Turanci ne a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, a zamanin da harshen Faransa ya cika bakin masu mulkin Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, kuma a can asalinta tana nufin fashewa da ƙara ko cizon haƙora har a ji sautinsu. Abin da ke cikinta har yau shi ne wani nauyi ko ƙarfi ya danne abu har abin ya rasa siffarsa, ya zama ba zai koma yadda yake ba. Idan ka riƙe wannan, kusan duk inda ka gamu da ita za ka gane inda ta dosa.

Ƙarin “ing” da ke ƙarshenta yana yi mata aiki iri uku, kuma a nan ne yara suka fi rikicewa. Idan aka ce “she is crushing pepper”, aiki ne da ake cikin yi, wato tana daka ko jajjaga barkono. Idan aka ce “crushing stones is hard work”, kalmar ta zama sunan aiki, yadda muke cewa daka ko sussuka ko niƙa aiki ne mai wahala. Amma a nassin da ke gabanka sifa ce, tana bayyana irin kayen da aka sha. Ba kowane kaye ake kira haka ba. Wanda ya faɗi zaɓe da ƙuri'u kaɗan ya faɗi ne kawai, amma wanda aka kayar har a akwatin ƙofar gidansa, magoya bayansa suka watse, shi ne ya sha “crushing defeat”. Ka ba yaranka misalin da suka sani daga gidan kallon ƙwallo: a gasar cin kofin duniya ta 2014 Jamus ta lallasa Brazil da ci 7 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, a cikin ƙasar Brazil ɗin kanta. Da Hausa sai mu ce mummunan kaye, ko an sha kashi, ko an yi musu kaca-kaca.

Game da kalmar da za ka rubuta a allo, shawarata ita ce kada ka rubuta guda ɗaya. Idan dole ne sai ka zaɓa, “murƙushewa” ta fi kusa, domin ita ma tana ɗaukar abu na zahiri da na ma'ana, ana murƙushe kunama da takalmi, ana kuma murƙushe tawaye. Sai dai Hausa ta rarraba wannan aiki fiye da yadda Turanci ya yi. Muna da latsewa da matsewa da dannewa da takewa, muna da farfasawa da ragargazawa da dandaƙawa, muna da ɓarza da markaɗe da kirɓi, kuma matar da ke tsakar gida ba za ta taɓa musanya ɗaya da ɗaya ba. Saboda haka ka koya wa yara su fara duba abin da aka yi wa aikin, sannan su zaɓi kalmar Hausa. Idan bashi ne aka ce “crushing debt”, bashi ne da ya yi wa mutum katutu. Idan talauci ne, baƙin talauci ke nan. Idan labari ne aka kira “a crushing blow”, labari ne da ya karya gwiwa, irin na manomin da ambaliya ta shafe gonar shinkafarsa ana gab da girbi.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a littattafan tarihi da aka rubuta da Turanci. Idan ana ba da labarin yaƙin Satiru a ƙasar Sakkwato a 1906, ko yaƙin da Turawa suka kawo wa Haɗejia a wannan shekara har Sarki Muhammadu ya rasa ransa, sau da yawa wannan kalmar ake ɗauka a ce an murƙushe turjiya. Kalma ce da ke kallon al'amari daga wajen mai ƙarfi. Mutanen Haɗejia shahada suke kiran abin da ya faru, kuma ina ganin ya dace ɗalibi ya san cewa zaɓen kalma yana nuna gefen da marubuci ya tsaya.

Abu na ƙarshe, ka kula da furuci. Bakinmu ba ya bambanta wasalin da ke cikin “crush” da wanda ke cikin “crash”, dukansu “a” muke mayar da su, don haka yara sukan rubuta ɗaya a gurbin ɗaya. “Crash” karo ne ko faɗuwa da ƙarfi, irin na mota ko jirgi, “crush” kuwa dannewa ce. Mota tana iya yin na farko, mutumin da ke cikinta ya gamu da na biyu, Allah ya kiyaye.

Mai Man Gyaɗa, Dawakin Tofa

Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya, bayaninsa ya gamsar. Ni ba malama ba ce, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma kalmar nan tana cikin harkarmu, kuma ina son Malam ya san cewa a bakin 'yan kasuwa ta fi faɗin abin da ƙamus ya nuna.

Mu a gida, sai mu soya gyaɗa sama-sama a kasko, mu murje ta jan ɓawon ya fita, mu sheƙe, sannan mu kai injin markaɗe. Idan an dawo da ita sai a zuba a turmi ko a babban daro, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har tunkuza ta haɗe jikinta, mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a gefe. Sai a matse, a kwashe man, a murza tunkuzar a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Kowane mataki da sunansa a wajenmu. Amma idan ka ji dillalai a kasuwar Dawanau suna cewa wannan gyaɗa ko wannan waken suya na “crushing” ne, suna nufin za a kai shi masana'anta a tatse mansa, ba na iri ba ne, ba kuma wanda za a tsince a fitar waje ba ne. Kalma ɗaya ta haɗe ɓarza da gasawa da matsewa da tacewa gaba ɗaya, kuma kamfanin da ke yin wannan aiki shi ake kira da sunan “crushing plant”, irin waɗanda aka daɗe da sani a unguwannin masana'antu na Kano kamar Bompai da Sharaɗa.

Wannan bambanci yana da tasiri a farashi, shi ya sa na dage a kansa. Mai sayen kayan tatsa ba ya damuwa sosai da girman ƙwaya ko kyan launinta, abin da yake dubawa shi ne yawan mai da bushewa da rashin ƙasa da tsakuwa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, haka ma riɗin da ake nomawa da yawa a Jigawa ake kaiwa Maigatari. Waken suya kuwa mansa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, amma dusar da ta rage ita ce babbar riba, domin da ita ake haɗa abincin kaji. Manomin da bai san abin da kalmar ke nufi ba zai iya sayar da zaɓaɓɓiyar gyaɗarsa a farashin ta tatsa. Haka kuma masu rake suna amfani da ita. Abin da masu mazarƙwaila ke yi na tura sandar rake tsakanin ƙarafa masu juyawa ruwan ya zuba, shi ne manyan kamfanonin sukari irin na Numan ke yi da manyan injuna, kuma lokacin aikin nasu, wanda ke faɗowa da rani, suna kiransa “crushing season”. A nan, Malam, tatsa ko matsa za ka rubuta a allo, murƙushewa ba ta shiga ba.

Direban Tifa, Dutse

Gaskiya Hajiya ta faɗa. A wajenmu kuma fasa dutse ne. Ana tarwatsa dutsen da nakiya, a ɗebo manyan gutsattsarin a zuba a bakin inji mai muƙamuƙi biyu na ƙarfe, ɗaya a tsaye ɗaya yana motsi, su riƙa matse dutsen har ya farfashe ya faɗa ƙasa. Daga nan ya wuce inji na biyu, sannan a tankaɗe shi a rariyar ƙarfe, manyan tsakuwa su ware, ƙanana su ware, garin dutse ya ware, kowanne da kuɗinsa. Waɗanda ba su da inji, maza da mata, da guduma suke yi a gindin duwatsu, su tara 'yan tsibi-tsibi a bakin hanya.

Malam, idan ka kawo wannan misali a aji, don Allah ka haɗa da maganar ƙura. Farar ƙurar nan da ke tashi daga dutse tana taruwa a huhu, tana jawo cutar da ba ta warkewa, kuma tana sa tarin fuka ya fi saurin kama mutum. Yayyafa ruwa a wurin aiki da rufe hanci da abin da aka yi domin haka suna rage ta ƙwarai. Da yawa daga yaran da ke gabanka suna zuwa irin wannan aiki lokacin hutu.

Ma'aikaciyar Lafiya, Birnin Kudu

Assalamu alaikum. Malam ya ambaci kwalin magani a cikin tambayarsa, amma ba a taɓo shi ba tukuna, kuma a ganina nan ne rashin fahimtar kalmar ya fi haɗari, don haka zan ɗan tsawaita.

Idan an rubuta “do not crush or chew”, ana nufin kada a daka ƙwayar, kada a murƙushe ta da cokali, kada kuma a tauna, a haɗiye ta yadda take. Dalili shi ne wasu ƙwayoyin an ƙera su ne domin su riƙa sakin magani a hankali cikin yini, kuma sau da yawa za ka ga haruffa irin su SR ko MR ko XL a bayan sunansu. Idan aka daka irin wannan, maganin da aka tsara ya shiga jiki cikin sa'o'i masu yawa sai ya shiga gaba ɗaya. Wani nau'in maganin hawan jini mai suna nifedipine yana cikinsu, kuma dakakkensa yana iya sa jini ya faɗi kwatsam, tsoho ya yanke jiki. Wasu kuma an lulluɓe su ne da wani ɓawo, ana sa musu EC, domin su wuce tumbi ba su narke ba, ko don kada ruwan ciki ya lalata maganin, ko don kada maganin ya ƙona cikin. A ƙauyukanmu al'ada ce a daka wa tsoho ko yaro magani a dama a koko saboda tausayi, kuma niyyar mai kyau ce, amma ya kamata a fara tambayar wanda ya ba da maganin. Akwai kuma waɗanda aka yi su musamman domin a narkar a ruwa, kamar zinc da ake ba yaro mai gudawa, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina. Waɗannan ba su cikin hanin.

Wuri na biyu shi ne “crushing chest pain”. A nan ba abin da aka farfasa, yanayin ciwon ake bayyanawa. Mai shi yakan ce yana ji kamar an ɗora masa buhun hatsi a ƙirji, numfashi yana yi masa wuya, gumi yana keto masa, wani lokaci ciwon ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Wannan yana daga manyan alamomin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Mutanenmu sukan ce gyambon ciki ne ya tashi, a ba shi kanwa ko madara a ce ya kwanta, alhali lokacin da ake ɓatawa shi ne mafi tsada. Duk wanda ya kwatanta ciwonsa da danniya irin wannan, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, a nemi mota a kai shi babban asibiti nan take.

Na uku, muna da “crush injury”, raunin da ake samu idan abu mai nauyi ya danne mutum, kamar katangar ƙasa da ta jiƙe da damina ta rufta, ko ramin haƙar ƙasa ya zube, ko amalanke ta kife. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, idan tsoka ta daɗe a danne, tana lalacewa ta saki wasu sinadarai, kuma da an ɗaga nauyin sai su bi jini su kai ga ƙoda su toshe ta, su kuma iya rikita yadda zuciya ke bugawa. Wani likita ɗan Ingila mai suna Eric Bywaters ya yi bayanin wannan a 1941, bayan ya lura da mutanen da aka zaƙulo daga gine-ginen da bama-bamai suka rusa a Landan, suna fitowa da ransu amma ƙodarsu ta daina aiki bayan 'yan kwanaki. Don haka wanda aka ciro daga ƙarƙashin gini, ko da ya miƙe yana magana yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, kuma idan fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, alama ce da ba a wasa da ita.

Zan ƙara da turmutsutsu, domin ya taɓa gidaje da yawa a ƙasar nan. A ranar 24 ga Satumba 2015 an yi wanda ya auku a Mina, inda hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 suka rasu, ƙididdigar da aka haɗa daga ƙasashen alhazai kuwa ta haura 2,000, kuma akwai 'yan Najeriya da yawa a ciki. Kafin shi, a 1990, mutum 1,426 suka rasu a cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse a can. Jaridu sukan kira irin wannan “stampede”, wadda ke nuna mutane sun firgita suna gudu suna tattake juna. Masana harkar taro sun fi son “crowd crush”, domin yawancin waɗanda ke rasuwa matsi ne ke hana ƙirjinsu buɗewa, wasu a tsaye suke cikawa. Ina ganin kalma ta biyu ta fi adalci ga mamatan, saboda ba ta ɗora musu laifin gudu ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ɗan Kwaleji, Rano

Iyayena sun yi bayanin manyan ma'anoni, ni kuma zan taɓa na samari tun da Malam ya tambaya. A nan ƙaramar kalmar da ta biyo baya ita ce ke sauya komai. Idan “on” ce ta biyo, aka ce “he is crushing on her”, ana nufin ta kwanta masa a rai, yana sonta a zuci, galibi bai furta ba, wataƙila ma ita ba ta san yana yi ba. Wanda ake so ɗin shi ake kira “crush”, har ka ga matasanmu a Facebook da TikTok suna rubuta “crush ɗina”. Ba ta kai matsayin budurwa ko saurayi ba, balle a yi maganar neman aure. Mutane suna zaton intanet ce ta kawo wannan ma'ana, amma ta girmi intanet nesa ba kusa ba, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da ita a Amurka.

Idan kuma “it” ce ta biyo, aka ce “she is crushing it”, yabo ne, wato tana yin abin da ta sa a gaba da ƙwarewa, ta yi zarra, ta yi wa sa'o'inta fintinkau. “It” ɗin ba ta nufin wani abu takamaimai. Baba Hedimasta ya ce kusan duk ma'anonin suna komawa ga nauyin da ke danne abu, kuma ina ganin wannan ta bi wannan hanya, domin wadda ta ci jarrabawa ta murƙushe wahalar da ke gabanta ne. Mu ma muna da irinta, tun da muna cewa wane ya lashe gasa ko ya cinye ta, alhali ba abin da ya shiga bakinsa. Ta soyayyar ce dai na kasa haɗa ta da nauyi, sai in Baba yana da abin cewa.

Malamin Ƙauye, ƙasar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan kai bayanin Malama ma'aikaciyar lafiya har taron iyaye da malamai, domin ya wuce darasin Turanci. Saura abu biyu, Baba Hedimasta. Na farko, maganar jarrabawa. Na biyu, wani ɗalibi ya rubuta “I was crushing when my father died”, na ji a jikina cewa akwai gyara, amma ina son in san yadda zan bayyana masa dalili.

Tsohon Hedimasta, Kazaure

Ɗana na Rano, ka yi tunani mai kyau a kan ta yabon, kuma na yarda da kai. Ta soyayyar kuwa, shawarata ga Malam ita ce ya koyar da ita a matsayin ma'ana mai zaman kanta, kada ya wahalar da yara wajen neman igiyar da za ta ɗaure ta da sauran. Harshe yakan yi haka, kalma ta yi reshe har reshen ya yi nisa da gindi.

Malam, yaron nan ya so ya ce rasuwar mahaifinsa ta karya masa zuciya, kuma ya zaɓi kalmar da ta dace, siffarta ce kawai ta kuɓuce masa. Mai “ing” ita ce abin da ke dannewa, mai “ed” kuma shi ne wanda aka danne. Labarin rasuwar shi ne “crushing”, shi kuwa yaron “crushed” ne, don haka zai rubuta “I was crushed when my father died”, ko kuma “the news of my father's death was crushing”. Ka haɗa masa da “boring” da “bored”, da “tiring” da “tired”, domin ƙa'ida ɗaya ce, kuma yaranmu suna yawan tuntuɓe a kanta. Amma tun da abin da ya rubuta ya shafi mahaifinsa ne, ka kira shi gefe ka yi masa ta'aziyya kafin gyaran, kada ka karanta jimlar a gaban aji.

Game da jarrabawa, duk ma'anonin da Hajiya da direba da Malama suka kawo, da na kaye da bashi da baƙin labari, karɓaɓɓen Turanci ne da za a iya rubutawa a ko'ina. Biyun da ɗanmu na Rano ya bayyana kuwa maganar hira ce, kuma ina ba da shawarar a nisance su a insha'i da wasiƙar hukuma, ko a jarrabawar aji uku ko a WAEC da NECO idan sun kai can. A ɓangaren fahimtar karatu akan ce ɗalibi ya kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda aka ja wa layi, daidai da yadda aka yi amfani da ita a nassin. Idan “crushing” ce a gaban “defeat”, amsar da za ta ci maki ita ce “overwhelming” ko “devastating”. Wanda ya rubuta “breaking” ko “grinding” ya ɗauko ma'anar ƙamus ta farko, bai duba nassin ba. Wanda kuma ya rubuta “overwhelm” ba tare da “ing” ba ya gane ma'ana amma ya sauya ajin kalmar, kuma zai iya rasa makin. Ka saba musu da ɗaukar amsarsu su mayar da ita cikin jimlar, su karanta daga farko zuwa ƙarshe su ji ko ta zauna, kafin su wuce tambaya ta gaba.